Ɗaurin Auren Kifin Faɗa a Nakhon Pathom

Mafi yawan mutanenmu da ke zuwa Bankok, kasuwar Pratunam ce iyakarsu: su ɗauri yadi da takalma da jakunkuna, su miƙa wa masu jigilar kaya, su kama hanyar filin jirgi. Ni ma rakiya ce ta kai ni, wani ɗan'uwana ɗan kasuwa na bi. To ciniki yana da mai shi, ɗan rakiya kuwa zaman jira ne rabonsa. Shi ya sa ranar Asabar na bar shi da lissafinsa na nufi Chatuchak, babbar kasuwar ƙarshen mako da ke arewacin birnin, ƙafa kuma ta ja ni har layin masu sayar da kifin ado.

A nan na ga kantuna jere da ƙananan kwalabe, kowace kwalba da kifi ɗaya tak, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ga ja, ga shuɗi, ga fari fat, ga mai ruwan tagulla, ga wanda aka yayyafa wa launi uku. Tsakanin kowace kwalba da maƙwabciyarta an soke ɗan kwali. Da mai shagon ya ga na tsaya, sai ya zare kwali ɗaya. Nan take kifayen biyu suka juyo suka fuskanci juna, suka baza fukafukai da jela iya bazawa, marfin kunnuwansu ya tashi, baƙar fatar da ke ƙarƙashi ta bullo, launin jikinsu ya ƙara kauri a gaban idona. Suka dinga dukan gilashi da baki. Bai bar su sun daɗe ba ya mayar da kwalin, kowa ya koma shawaginsa.

Tambayar da ta zo mini ita ce wadda za ta zo wa duk wanda ya taɓa kiwon ko da tantabara: halittar da ba ta iya haɗa ido da jinsinta sai da tashin hankali, ta yaya ake haɗa ta da mace har a sami zuriya? Mai shagon ya yi dariya, ya ce shi saye yake yi ya sayar, masu amsar suna Nakhon Pathom.

Mutanen Tailan suna kiran kifin pla kat, a kasuwannin duniya kuma betta. Wani masanin kifi ɗan Ingila, Charles Tate Regan, shi ya raɗa masa sunan kimiyya Betta splendens a 1910. Asalinsa ɗan fadama ne, mazaunin gonakin shinkafa da kududdufai da magudanan ruwa marasa zurfi, inda ruwa ke da ɗumi, ba ya gudu, iskar cikinsa kuma kaɗan ce. Allah ya hore masa wata gaɓa a cikin kai wadda yake shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa jefi-jefi za ka ga ya taso saman ruwa ya kurɓi iska ya koma. Tarwaɗa ma tana da irin wannan baiwa. Ita ce ta sa ake iya ajiye shi a kwalba ba injin hura iska, ita ce kuma ta mai da shi haja mai sauƙin turawa ƙetare.

Na dawa ba shi da wannan ado. Launinsa a dushe yake, fukafukansa gajeru, idan ya gamu da abokin gaba sai su ɗan gwabza na 'yan mintoci, wanda ya ji jiki ya shige ciyawa, magana ta ƙare. Ɗan Adam ne ya tsawaita faɗan. Wani binciken ƙwayoyin gado da masanan Jami'ar Columbia ta Amurka suka jagoranta, aka wallafa a 2022, ya nuna an fi shekara 1,000 ana kiwon wannan kifi a gida. A mafi yawan wannan tsawon lokaci ba kyau ake nema ba, zuciya ake nema: wanda ya ci faɗa shi ake bar wa baya. Dogayen fukafukai da launuka masu ɗaukar ido sai a ƙarni na 20 suka bazu. Har gobe ana haɗa su faɗa ana zuba kuɗi, dokar caca ta ƙasar ta 1935 ma ta sa shi cikin wasannin da sai da izinin hukuma. A 2016 an sayar da wani namiji mai launin tutar Tailan, ja da fari da shuɗi, a kan bat 53,500, kuɗin ƙasar, a gwanjon intanet. A watan Fabrairun 2019 kuma gwamnati ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa.

Daga tashar Thonburi na hau ƙaramin jirgin ƙasa mai tsayawa a kowane ƙauye, tare da wani matashi Musulmi ɗan kudancin ƙasar da muka saba a masallacin unguwar da muka sauka, wanda ya yarda ya yi mini tafinta. Tafiyar wajen kilomita 50 ce yamma da Bankok. Kana fitowa daga tashar Nakhon Pathom, abin da zai tare maka ido a ƙarshen titi shi ne Phra Pathom Chedi, hasumiyar mabiya Buddha mai tsawon mita 120, wadda babu irinta da ta kai ta tsawo a duk ƙasar. Garin ya yi suna a kiwon alade, saboda haka abokin tafiyata ya hana ni kusantar rumfunan abinci. Muka tsaya a kan shinkafa mai danƙo da ake dafawa da madarar kwakwa a cikin gora, wadda ita ma garin ya shahara da ita. Daga nan sai motar haya zuwa bayan gari, cikin lambuna da magudanan ruwa.

Gonar a bayan gidan mai ita take, ƙarƙashin baƙar raga mai rage zafin rana. Ban taɓa ganin kwalabe masu yawa haka ba. Tsofaffin kwalaben barasa ne masu faɗin ciki, an jera su a kan siminti kafaɗa da kafaɗa, dubbai, kowace da namiji ɗaya a ciki. Wata mata tana bin layi da robar matsawa tana ɗiga musu abinci, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa jajaye da ake kiwo musamman domin wannan. Mai gonar dattijo ne mai ƙarancin magana, tafintana yana ce masa kawu kamar yadda ake yi wa manya a can. Da aka faɗa masa abin da ya kawo ni, bai ce komai ba, ya wuce da mu wata rumfa a can ƙurya, inda ake ɗaurin auren.

Abin da na fara gani a kan kanta shi ne kwalabe biyu-biyu a manne, namiji da mace, babu kwali a tsakani. Haka za su zauna mako ɗaya, wani lokaci biyu, suna kallon juna ta gilashi, ana ɗura musu abinci mai rai: tsutsar sauro da jajayen ƙwarin nan. Mutanen ƙasar suna da wata tsohuwar magana ta barkwanci, wai macen pla kat da kallo kawai take ɗaukar ciki. A zahiri babu wani ciki, ƙwai ne ke nuna a jikinta, kuma ba zai zama ɗa ba sai ta zubar da shi namiji ya ba shi ruwansa a waje. Amma maganar ba ta rasa tushe ba, domin a kwanakin kallon ne cikinta ke cika. Dattijon ya ɗaga wata kwalba zuwa haske ya nuna mini alamun: ciki ya kumbura ya yi haske, ga wani ɗan farin ɗigo a ƙarƙashinsa inda ƙwan zai fito, ga kuma ratsi-ratsi a tsaye, daga gadon baya zuwa ciki. Wannan ratsi na tsaye shi ne amincewarta. Idan kuwa ratsin a kwance yake, daga kai zuwa jela, tsoro ne. Matsalar ita ce a jikin mace fara ko mai hasken launi ba a ganin ko ɗaya, sai dai a karanci tafiyarta: tana bin namijin ta gilashi, tana sunkuyar da kai, ko kuwa tana manne wa can ɓangaren da ya fi nisa da shi.

A ƙasa kuma bahuna ne na roba, kowane an rufe shi da katako ko kwali. Ruwan ciki bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba, domin kada namiji ya wahala wajen tsinto ƙwai daga ƙasa. Ruwan ja-ja ne saboda busasshen ganyen da aka jiƙa a ciki, ganyen wata bishiya mai faɗin inuwa, dangin baushe, irin wadda ake shukawa a harabar makarantu da gidaje a wajenmu, yara suna fasa ƙwallonta su ci. Masu kiwon ba sa rabuwa da shi: yana ɗan tsamama ruwa, yana taimakon rauni ya warke, guda ɗaya kuma da aka bari yana yawo a sama shi ne rufin da namiji zai gina sheƙarsa a ƙarƙashi. Sheƙar ta kumfa ce. Zai kurɓi iska, ya cakuɗa ta da yawun bakinsa, ya tofa, ɗaya bayan ɗaya, har ta taru ta yi tudu. A ɗaya gefen bahon kuma akwai dunƙulen ciyawar ruwa da ɓarin tukunyar ƙasa a kife. Wannan na amarya ne, mafakarta.

'Yar dattijon ce ke zagayen safe. Ba ta buɗe baho gaba ɗaya, gefen murfin take ɗan ɗagawa ta leƙa ta mayar. A baho na huɗu ko na biyar ta tsaya, ta kira mahaifinta. Macen tana can saman ruwa a lungu, ta yi fari, jelarta ta zama tsumma, ɓawon gefen jikinta ya ɗaye a wuri biyu, ratsin kwance ya fito ɓaro-ɓaro. Namijin, wani ja mai gajerun fukafukai, yana zagaye a ƙarƙashinta. Ganyen da ke sama kuwa fayau, babu ko ƙwayar kumfa. Ba su yi shawara ba. Ta sa ɗan ludayi ta kwashe macen, ta zuba ta a kwalbar ruwan ganye mai kauri, ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta kai ta inuwa.

A nan ne bakin dattijon ya buɗe, tafintana yana ta fama ya bi shi. Abin da na fahimta shi ne, kora da cizo ba su ne abin tsoro ba. Babu auren pla kat da ake yi ba a yagi fukafuki ba, kuma fukafuki yana sake tsirowa cikin 'yan makonni. A ganinsa ma namijin da bai damu ya kori mace ba, sau da yawa ba ya damuwa ya tsare ƙwai. Abin da ake dubawa shi ne ko korar tana da dawowa. Namijin da ke nema zai bi ta da gudu, ya ɗan cije ta, sannan ya juya ya koma ƙarƙashin ganyensa ya ƙara kumfa, ya dawo ya gitta a gabanta yana karkaɗa jiki, ya yi gaba yana waiwaye ko za ta biyo. Hankalinsa rabi a kanta, rabi a kan sheƙa. Wanda ba shi da sheƙa ba shi da inda zai koma, ba shi kuma da inda zai kai ta. Ba mace yake gani ba, mai kutse yake gani a yankinsa, kuma cizonsa ba a jela yake tsayawa ba, jiki yake nema da kunnuwa. A fadama da ta yi nisa abinta. A baho babu nisa, bango ne ko'ina. Idan aka bar su, kafin wata safiyar gawa za a tarar.

Na tambaya laifin wa ke nan. Ya nuna kansa da yatsa, ya ce yawanci na mai gaggawa ne, wanda ya saki mace kafin lokaci domin oda tana jiransa. Sannan ya nuna mini abin da ake yi. Aka ɗauko robar ruwan sha da aka yanke wa kai da gindi, aka kafa ta a tsakiyar wani baho, aka saka mace a ciki. Ruwansu ɗaya, namijin yana ganinta yana jin ƙamshinta, amma bakinsa ba ya kai wa gare ta. Zai yi ta zagaye yana hura hanci har ya gaji, daga nan sai ya fara gini. Ba a ɗage robar sai sheƙa ta yi kauri, ita ma macen ta nuna alamunta. Ko a lokacin ma da magariba ake sakinta, domin duhu ya rage masa kaifin ido, ita kuma ta sami damar sanin lungunan bahon kafin gari ya waye. A rufe, a bar su. Yawan leƙe yana firgita namiji, firgitaccen namiji kuwa ko ya huce a kan mace ko ya cinye ƙwansa.

Sauran dabarun ƙanana ne, ya faɗe su yana tafiya. A daidaita girma: mace ta ɗan gaza namiji domin ya iya naɗe ta, amma kada ta zama 'yar ƙarama da cizo ɗaya zai karya. A ƙara ciyawa idan an san namijin mai zafi ne, yadda zai riƙa ɓace mata tana ɓace masa. A ƙoshar da su tun kafin a haɗa. A canza masa mace, domin akwai wanda zai kusa kashe wannan ya kuma karɓi waccan lafiya lau, babu wanda zai ce maka ga dalili. Akwai masu nuna wa namijin wani namiji ta gilashi na ɗan lokaci wai ya sauke zafinsa a can. Dattijon ya taɓe baki a kan wannan, ya ce wani ya huce, wani kuma wuta aka ƙara masa. Zafin ruwa bai dame su ba, domin ƙasarsu ta ba su digiri 27 zuwa 28 da ake so kyauta. Wanda zai gwada a Kano ko Damagaram da hunturu, sai ya nemi abin ɗumama ruwa, in ba haka ba ko kumfar ba zai gani ba.

Kada kuma a ɗauka mace ce kullum abin tausayi. Ya nuna mini wani namiji shuɗi daga irin masu jelar rabin wata, waɗanda jelarsu ke buɗewa ta yi rabin da'ira cif. Tasa ta koma zare-zare. Mace ce ta yi masa haka. An ƙawata shi har ado ya yi masa nauyi, ba ya iya gudu ba ya iya juyi, ita kuwa da gajerun fukafukanta sai ta shiga ta fita. Zuciyar kakanninsa tana nan, jikin ne ba nasu ba.

Can wajen hantsi yarinyar ta yafuto ni da hannu, ta sa yatsa a leɓe. A wani baho aure ya ɗauru. Macen ta zo ƙarƙashin kumfa da kanta, kai a sunkuye. Namijin ya zagaye ta, ya lanƙwasa jikinsa ya naɗe ta, ya juyar da ita ciki sama, suka tsaya cak. Sai ga fararen ƙwayaye suna gangarowa a hankali. Ya sake ta, ta yi lamo a saman ruwa a karkace na 'yan daƙiƙoƙi, wanda bai sani ba zai ce ta mutu. Shi kuwa ya nutsa, yana tsintar ƙwan da baki tun kafin su kai ƙasa, ya taso ya tofa su cikin kumfa. Ta farfaɗo, suka sake. Haka za su yi ta yi na sa'o'i, har ƙwai ya kai ɗaruruwa. Bakin da ya yaga mata jela jiya, shi ne yau yake ɗaukar abin da bai kai ƙwayar gero ba bai fasa ko ɗaya ba.

Da zarar ta ƙare zubawa, zaman lafiya ya ƙare. Zai kore ta daga wajen sheƙar, kuma yana da hujja, domin mace takan cinye ƙwanta. Wannan ne lokaci na biyu da ake asarar mata a hannun wanda bai lura ba, saboda haka ana ganin ta koma lungu shi kuma ya kafe a ƙarƙashin ganye, sai a cire ta. Daga nan reno nasa ne shi kaɗai. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin sa'o'i 24 zuwa 36. 'Ya'yan za su yi kwana biyu ko uku a rataye jikin kumfa, jela ƙasa, duk wanda ya suɓuce uban ya bi shi ya dawo da shi, yana gyaran sheƙa dare da rana. Ranar da suka fara iyo a kwance da kansu, shi ma aikinsa ya ƙare, a mayar da shi kwalbarsa kafin ya fara yi musu kallon abinci. Su kuma a fara su da ƙananan halittun ruwa ko ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai, a juye su manyan kwatamin siminti, har zuwa wajen wata biyu lokacin da mazan cikinsu za su fara tsokanar juna.

Tafintana ya ce idan ina so akwai inda ake haɗa su faɗa, zai iya tambaya mana. Na ce a'a. Malamanmu sun hana haɗa dabbobi faɗa, ga kuma caca a kai. Amma ban ga ta inda zan ɗaga wa dattijon nan hanci ba, shi da masu sayen kifinsa a Amurka da Turai da Japan. Duk wanda ya tsaya a gaban kwalba yana jiran a zare kwali, fushin kifin ya zo kallo, domin sai ya fusata kyansa ke fitowa. Ana sayar da fushin a shago, sannan a zo ɗakin aure ana neman yadda za a kwantar da shi na kwana biyu. Na dawan kuwa yana ta ja da baya: gonakin shinkafa suna zama unguwanni da masana'antu, na gida da aka saki suna cakuɗa da shi, har ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazana tun 2011.

Kafin mu tafi na tambayi makomar jan namijin na safe, ko za a sake gwada shi da robar tsakiya. Dattijon ya kaɗa kai. Ya ce wannan ba farau ba ne a wajensa, an yi masa robar, an canza masa mace, an ƙara masa ciyawa, bai taɓa tofa kumfa ɗaya ba. Hali zanen dutse, kuma a irin wannan kifi hali yana bin jini, ba ya son ya cika kwataminsa da 'ya'yansa. Mace mai kyan iri ta fi ƙarfin a yi ta gwaji da ita. Yarinyar ta ɗauke shi ta kai teburin masu ɗauri, aka zuba shi a 'yar leda da ruwan da bai fi cokali uku ba, sauran duk iska, aka liƙe bakin, aka jefa shi cikin akwatin da zai tafi filin jirgi da daddare. Na ce ko za a rage masa kuɗi saboda halinsa. Dattijon ya ce wanda zai saye shi shi kaɗai zai ajiye shi a gilashi, kuma a duk layin babu mai baza jela kamarsa, don haka a sahun masu tsada ya sa shi.